Sunanki a Jikin Bokiti

Ranar da Malam Haladu ya jingine babur a jikin rumbunmu
ina tankaɗe, hannuna fari fat da gari.
Ya ce, "Shafa'atu ta ci. Aji uku ya ƙare.
Jahun za ta, babbar sakandare, ta kwana."
Na fara guɗa, rabinta ya maƙale a wuya.

Ya zauna bakin tabarma ya warware takarda,
yana karantawa, ina ƙirgawa da ƙwayar gyaɗa:
katifa mai cin mutum ɗaya,
bokiti, gidan sauro, tocila,
farin takalmi, hijabi biyu, akwati mai kwaɗo,
har fartanya da tsintsiya.
Babanki ya ce, "Karatu za ta, ko ƙwadago?"
Muka yi dariya.
Gyaɗa goma sha tara a faranti,
kuɗin huɗu kacal a bakin zanena.

Malam ya ce, "Ba a cinye malmala da loma guda.
Wata biyu ne a gabanku.
Kowace Lahadi ku ɗauke ƙwaya biyu."

Lahadin farko jar akuya ta tafi Gujungu,
ta dawo katifa, a ɗaure bayan babur.
Kwasar adashi ta Inna Tasalla ce,
ta ce in karɓa, tata ta jira kaka.
Kawunki ya aiko akwatinsa na zamanin gadi a Kano,
Sagiru ya dirje tsatsar da toka da yashi
har yatsunsa suka yi ja.

Sai dai akwai abin da takarda ba ta lissafa ba.
Wa zai karanta mini saƙo in waya ta yi ƙara?
Wa zai duba kwalin maganin kakarki
ya ce biyu da safe, ɗaya da dare?
Shekara uku ke ce idon gidan nan,
yanzu ido zai shiga mota.

Ke ma na ji ki, daren da kika zaci na yi barci,
kina gaisa da bango da Turanci, ƙasa-ƙasa,
kina gyara harshe don kada 'yan birni su yi dariya.
Da na faɗa wa Malam, sai ya ce,
"Ku rage ce mata likita, likita.
Wannan kayan ya fi akwati nauyi.
Ku tambaye ta me take tsoro."
Na tambaye ki muna ɓarar gyaɗa.
Kika ce lissafi, da manyan ɗalibai,
da kuma ranar ziyara in ba wanda ya zo.
Babanki daga zaure ya ce,
"Ko a ƙafa ne."

Tun daga nan kika shiga shirya mu, mu da muke shirya ki.
Kika zana rana da wata a kwalin magani.
Kika sa Sagiru karatu da ƙarfi bayan isha'i,
yana tuntuɓe, kina ɗaga shi.

Jiya aka samo ragowar shuɗin fenti wurin mai gyaran keke.
Kika ce ni zan rubuta harafin farko.
Ni? Da ban taɓa riƙe alli ba?
Kika kama hannuna
yadda na kama naki lokacin tatata,
muka ja tsinke, ya lanƙwasa kamar hanyar rafi,
ya karkace, fenti ya zubo masa hawaye ɗaya.
Na ce a goge. Kika ce a bari.

Gobe da asuba mota.
Ƙuli-ƙuli na ƙasan akwati, yaji na cikin gwangwanin madara,
kada ki ba da duka a makon farko.
Gyaɗa ɗaya ta rage a faranti: farin takalmi.
Tafi da tsohon, mun wanke shi, mun shafa masa farar ƙasa,
sabo sai an sayar da riɗi.

In an jera bokiti ɗari a bakin famfo
kowanne da suna tsaf kamar na allon makaranta,
kada ki sha wahalar nema.
Wanda farkonsa ya karkace,
shi ne naki.